Gaisuwar Sallah da Babu Sunan Kowa a Cikinta

A yammacin ranar Ƙaramar Sallar da ta wuce, ina zaune a majalisarmu ta ƙofar gida a cikin birnin Kano, sai na ji wani matashi yana faɗa wa abokinsa cewa shi kam ya gama gaisuwar Sallah tun kafin a sauko daga Idi. Abokin ya tambaye shi yadda ya yi, sai ya nuna masa waya. Hoto guda ne, mai jinjirin wata da hasumiyar masallaci da rubutun Turanci mai ruwan zinare, ya tura wa kusan duk wanda lambarsa take cikin wayar a lokaci ɗaya. Kawunsa yana ciki, gwaggonsa tana ciki, malaminsa na Islamiyya yana ciki. Bai faɗi maganar da raini ba, ya faɗe ta ne da natsuwar wanda ya sauke nauyi, kuma wannan natsuwar ce ta dame ni.

Matsayina a fili yake. Hoton da wani ya zana a wata ƙasa, wani ya turo maka, kai ma ka tura wa mutum ɗari biyu ba tare da ka ƙara ko harafi ɗaya ba, bai cika gaisuwa ba, kuma bai sauke maka haƙƙin zumunci ba. Ba ni da faɗa da wayar salula, kuma ba na kiran a koma bin layi a gidan waya. Abin da nake cewa shi ne, katin Sallah da wasiƙar da muka yi watsi da su suna ɗauke da sunan wanda aka rubuta wa da kalmomin da aka zaɓa dominsa shi kaɗai, kuma wannan ne muka bari ya salwanta a lokacin da muka sauya hanya, alhali babu abin da ya tilasta mana barinsa.

Yadda gaisuwa take tafiya kafin waya

Waɗanda suka yi wayo a Kano kafin 2001, shekarar da wayar salula ta fara shiga hannun jama'a a Najeriya, za su tuna cewa gaisuwar Sallah hanya biyu gare ta. Wanda yake kusa ana zuwa masa da ƙafa. Daga saukowa Idi a Ƙofar Mata har zuwa ranakun Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, mutane suna bin gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, daga Yakasai zuwa Fagge, daga Gwammaja zuwa Gandun Albasa, yara kuma suna kai tuwon Sallah suna dawowa da tukwici. Wanda yake nesa kuwa takarda ake aika masa, ko dai ta babban gidan waya, a sayi ambulan a manna kan sarki, ko kuma a kai tasha a danƙa wa direban da aka yarda da shi, mai zuwa Legas ko Jos ko Maiduguri.

Wasiƙar Bahaushe tana da tsarin da kowa ya sani. Ana fara ta da ambaton wanda ta fito daga hannunsa da wanda za ta je wa, sai gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sannan a shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. A gaida Baba, a gaida Inna da abokiyar zamanta, a tambayi jikin Kaka, a tambayi ko Yaya ta sauka lafiya, a yi wa wanda aka yi wa rashi ta'aziyya, a ja kunnen ƙane a kan karatu. Idan takardar ta iso, ɗan makarantar gidan ake kira ya tsaya a tsakar gida ya karanta da ƙarfi, kowa ya yi shiru yana jiran ya ji sunansa, wanda aka tsallake kuma ya yi ƙorafi har labari ya koma wa marubucin. Wanda bai iya boko ba yana rubutawa da ajami, domin Kano ta san alƙalami da tawada ƙarnoni kafin Turawa su ci garin a 1903. Wanda bai iya ko ɗaya ba yana zuwa wurin masu rubuta wasiƙa, ya zauna ya faɗi abin da yake ransa a rubuta masa, ya biya.

Katin Sallah ya zo daga baya, kuma ya fi ƙarfi a tsakanin ma'aikata da ɗaliban makarantun kwana da samari da 'yan mata. Da azumi ya raba tsakiya, shagunan littattafai na Sabon Gari da masu baza kaya a bakin titi suke fito da shi, mutum ya tsaya yana ɗagawa yana ajiyewa, yana neman wanda ya dace da malaminsa daban, wanda ya dace da wadda yake nema da aure daban. Gaskiya ne kalmomin da aka buga a jikinsa na kamfani ne, yawancinsu ma da Turanci suke. Amma da wuya a ga wanda ya miƙa kati haka nan. Sai ya rubuta sunan mai shi a sama, ya ƙara layi biyu ko uku da hannunsa, ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Wanda ya karɓa yakan ɗora shi a kan rediyo ko ya jera shi a kabad, baƙo ya shigo ya gani ya tambayi wanda ya aiko. Hatta shirye-shiryen zaɓi-sonka na gidajen rediyon Kaduna da Kano, a kan katin gaisuwa suka rayu, wanda mai sauraro yake saya ya cike da sunayen 'yan uwa da abokai da garuruwansu, mai gabatarwa ya karanto.

Zuwan wayar salula bai kashe wannan ɗabi'a nan take ba. A shekarun farko, kowane saƙon tes kuɗi ake biya a kansa, kuma bai wuce haruffa 160 ba, don haka dole mutum ya zaɓi waɗanda zai tura wa, ya kuma auna kalmominsa. Abin ya fara canzawa ne a zamanin 2go da BlackBerry da Facebook, ya kai maƙura da WhatsApp, wanda aka ƙirƙira a 2009 ya mamaye wayoyinmu cikin 'yan shekaru. A nan ne tura saƙo ga mutum ɗaya da tura shi ga mutum 256 a jeri guda suka zama wahala ɗaya. Da zaɓi ya daina zama dole sai muka daina zaɓa, da rubutu ya daina zama dole sai muka daina rubutawa.

A 2018 kamfanin WhatsApp ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 kuma ya taƙaita yawan waɗanda za a iya tura wa irin wannan saƙo a lokaci guda zuwa biyar. Ya yi hakan ne domin rage yaɗuwar jita-jita, amma abin ya shafi gaisuwarmu, domin yanzu dattijon da ya buɗe saƙon ɗan ɗan'uwansa sau da yawa yana ganin alamar a samansa, tana shaida masa cewa ba dominsa aka rubuta ba. Ba na zargin banki ko kamfanin waya ko ɗan siyasar da yake tura wa dubban mutane saƙo guda, talla suke yi, kuma kowa ya san haka. Abin da bai kamata ba shi ne saƙon ɗa zuwa ga mahaifinsa ya zama ba a iya bambanta shi da na banki.

"Ai katin ma ba namu ba ne"

Wannan ita ce hujjar farko da ake kawo mini, kuma akwai gaskiya a cikinta. Katin gaisuwar Kirsimeti na sayarwa a Ingila aka fara buga shi, a 1843, lokacin da wani ma'aikacin gwamnati mai suna Henry Cole ya sa aka buga masa katin Kirsimeti guda 1,000 a birnin Landan. Tun asalinsa hanya ce ta rage wa mutum wahalar rubuta doguwar wasiƙa ga kowa. Saƙon tes na farko a duniya ma, wanda wani injiniya ya tura a Ingila a watan Disamba na 1992, gaisuwar Kirsimeti ce. Don haka mai cewa kowane zamani da kayan aikinsa bai yi ƙarya ba.

Sai dai mu da muka karɓi kati daga Turawa, mun cusa masa ɗabi'armu ta ambaton suna da tambayar lafiya. Me ya sa muka kasa yi wa waya abin da muka yi wa kati? Gaisuwar Bahaushe tambaya ce da amsa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, yaya aka ji da azumi. Ba ta cika sai an saurari amsa. Hoton da aka watsa wa jama'a ba ya tambayar kowa komai, wanda ya tura shi kuma ba ya jiran amsa. Idan gwaggonka tana kwance a asibiti tun goman tsakiya, hoton zai isa wayarta daidai yadda ya isa wayar mai ƙoshin lafiya, kai kuma ka kwana da tunanin ka gaishe ta alhali ba ka ma san tana kwance ba.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce halinmu mu kanmu idan abin ya shafe mu. Har yau a Kano ana buga katin ɗaurin aure da na biki, kuma masu ɗab'i suna cin abinci da shi. Uban amarya zai sa hoton katin a waya domin jama'a su gani, amma ba zai yarda ya gayyaci surukinsa ko amininsa na ƙuruciya ko limamin unguwa ta wannan hanya kaɗai ba. Zai rubuta suna a bayan ambulan, ya haɗa da goro ko alewa, ya aiki babban ɗansa ko ya je da kansa. Mata kuwa sun fi maza tsanani a nan. Sau nawa muka ji an ce wance ta ƙi zuwa biki, da aka tambaye ta ta ce ita ba a gaya mata ba, a waya kawai ta gani? Ta san rana, ta san wuri, amma a wurinta gani daban, gayyata daban, kuma babu wanda yake ganin ta yi rashin hankali.

Haka abin yake a ta'aziyya. Wanda mahaifinsa ya rasu yana karɓar saƙon na nesa da godiya, amma yana riƙe da lissafin waɗanda suke cikin gari suka kasa takowa wurin zaman makoki, suka wadatu da turo masa addu'ar da aka kwafo. To idan mun yarda cewa saƙon gama-gari bai isa gayyata ba, bai isa ta'aziyya ba, da wace hujja ya isa gaisuwar Sallah ga wadda ta goya ka ko wanda ya koya maka karatu?

Batun tsadar rayuwa

Ana kuma cewa zamani ya yi tsanani, kuma wannan ma gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin Adaidaita Sahu daga wannan unguwa zuwa waccan ya zama abin da magidanci yake lissafawa kafin ya fita da iyalinsa. Garin ma ya faɗaɗa. Dangin da a da suke lungu ɗaya a cikin ganuwa, yanzu wasu suna Rijiyar Zaki, wasu suna Hotoro, wasu sun kai Mariri, zagaya su duka a kwana biyu sai mai hali. Ga ɗinkin yara, ga cefane, ga ragon layya idan Babbar Sallah ce. Wanda ya ce a ƙara wa talaka sayen kati a wannan hali bai yi masa adalci ba.

Amma abin da nake nema ba ya cin kuɗi. Rubuta wa kawunka layi uku da sunansa a kai bai kai tsadar tura masa bidiyon minti biyu mai kiɗa da walƙiya ba, wanda zai cinye maka data, ya cinye masa, ya kuma cika masa waya. Abin da yake ci shi ne lokaci da tunani: ka tuna cewa bana ce Sallarsa ta farko bayan rasuwar matarsa, ko cewa ɗansa ya gama makaranta, ko cewa kasuwa ta juya masa baya a Kantin Kwari, ka sa wannan a cikin maganarka. Saƙon da aka ƙawata da furanni amma babu kalmar mai aikowa a ciki, daidai yake da a aiko yaro da kwanon Sallah sabo fil, an rufe shi da faifai mai ado, a buɗe a tarar babu tuwo.

Hasali ma wanda ba shi da abin hannu shi ya fi kowa asara idan wannan ɗabi'a ta mutu. Mai hali zai aika da shadda da buhun shinkafa, kuma za a tuna da shi ko bai ce uffan ba. Talaka kuwa abin da yake da shi na bayarwa shi ne ƙafarsa da bakinsa da alƙalaminsa, kuma da su ne ya saba riƙe matsayinsa a cikin dangi. Idan ya musanya su da hoton da kowa yake da shi, ya zubar da kyautar da ta rage a hannunsa.

Inda waya ta fi takarda

Ba zan ɓoye alherin waya ba. Gidajen da 'ya'yansu suke karatu a Masar ko Indiya, ko suke neman abinci a Saudiyya, a da sai su yi wata da watanni ba su ji ɗuriyarsu ba. An yi lokacin da mutanenmu mazauna Makka da Jidda suke ɗaukar muryarsu a kaset su ba alhazai su kawo gida, a taru a saurara, a ɗauki amsa a jira wani mai tafiya. Yau uwa tana ganin fuskar ɗanta a ranar Idi, har ta ga kayan da ya sa. A 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe Kano aka kuma dakatar da hawan Sallah, waya ce ta riƙe zumuncin gidaje da yawa.

Saƙon murya kuwa, a ganina, ya fi kati dacewa da mu. Tsohuwar da ba ta karanta boko ba ta buƙatar ɗan makaranta ya shiga tsakaninta da jikanta. Za ta ji muryarsa, ta gane ko yana cikin walwala ko damuwa, ta amsa da bakinta, ta sa masa albarka yadda ta saba. Wannan ne ma ya sa abin yake ƙara yi mini ciwo, domin na'urar da ta ba mu damar kusantar na nesa fiye da duk abin da iyayenmu suka samu, da ita muke yi wa na kusa gaisuwar jeka-na-yi-ka, har ga wanda katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi.

Akwai kuma waɗanda sabuwar hanyar ta zubar gaba ɗaya. Dattawa da yawa a cikin birni da ƙauyukan kewaye ƙaramar waya ce a hannunsu, wadda ba ta buɗe hoto, wasu ma ba su da ko ita. Wanda ya mayar da jerin sunayen WhatsApp ma'aunin waɗanda zai gaisar, ya fitar da su daga lissafi ba tare da ya lura ba, kuma su ne suka fi kowa cancantar gaisuwar.

"Addu'a ce, ko wa ya rubuta ta"

Wasu sukan ce ayyuka da niyya suke, kuma addu'ar alheri ba ta lalacewa don an kwafo ta. Ban musa ba. Sahabbai ma da lafazi guda suke taya juna murnar Idi, suna roƙon Allah ya karɓa daga gare su baki ɗaya, babu wanda ya ce sai kowa ya ƙirƙiro nasa. Amma suna faɗa ne idan sun haɗu, mutum da mutum. Abin da nake tambayar mai turawa shi ne, ya karanta addu'ar kafin ya tura? Da ya danna, akwai wani mutum takamaimai a zuciyarsa da yake roƙa wa alherin?

Allah Maɗaukaki ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 86, cewa idan an gaishe mu, mu mayar da wadda ta fi kyau ko mu mayar da kwatankwacinta. A dubi yadda muke cika wannan umarni a ranar Sallah. An turo maka hoto, ka nemo wani hoto ka mayar, ko ka danna alamar hannu biyu a ɗage, a wuce wurin, babu ɗayanku da ya san halin da ɗan'uwansa ya wayi gari a ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi wa juna kyauta za a so juna, ya kuma yi wa mai sada zumunci albishir da yalwar arziki da albarkar kwana. Da wuya in yarda cewa danna waya sau ɗaya ga jerin sunayen da ba a ma duba ba shi ne sada zumuncin da aka yi wa wannan alƙawari.

Ga kuma wata ɓarna da take biyo baya. Rubuce-rubucen da ake yaɗawa sukan ƙunshi ayoyi da kuskuren rubutu, da maganganun da ake jingina wa Annabi waɗanda malamai suka sha bayyana cewa ba su da asali, irin wadda take yawo duk shekara tana yi wa wanda ya fara sanar da shigowar wata alƙawarin tsira daga wuta. Wanda ya zauna ya rubuta da kansa yana tsayawa a kan abin da ya sani, wanda yake turawa kawai kuwa yana ɗaukar nauyin maganar da bai tantance ba.

Abin da za a bar wa na baya

A gidaje da yawa na birni akwai adaka ko tsohuwar jaka da wasiƙu da katuna suke ciki, ɗauke da rubutun mahaifi ko kakan da ya riga mu gidan gaskiya, da kwanan wata, da sunayen waɗanda suke raye a lokacin. Masu binciken tarihi suna zuwa Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, da Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, domin wasiƙun sarakuna da alƙalai da 'yan kasuwa, kuma daga irin waɗannan takardu ne aka san abubuwa da yawa game da rayuwar garin nan. Saƙon waya kuwa ransa yana hannun wayar. Abin da aka ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, sauran kuma ranar da waya ta cika za a share, ranar da ta lalace ko masu ƙwace suka tare mutum shi ke nan. Ko da an adana a intanet, hoton da yake cikin dubban wayoyi babu abin da zai gaya wa jikanka game da kai.

Rubutun wasiƙa kuma makaranta ce. A nan ne yaro yake koyon yadda ake yi wa babba magana a rubuce, da bambancin yadda ake rubuta wa Baba da yadda ake rubuta wa aboki. Yau muna da matasa masu digiri da suke jin nauyin rubuta sakin layi ɗaya na Hausa zuwa ga iyayensu, saboda ba su taɓa gwadawa ba, kuma ga saƙon Turanci a shirye yana jira. Garin da ya haifi adabin kasuwar Kano tun shekarun 1980, wanda har yau 'yan matansa suke rubuta dogayen labarai a kan waya, ba zai ce layi uku na gaisuwa sun gagare shi ba.

Ba kowa ne a cikin wayar mutum yake da haƙƙi iri ɗaya a kansa ba. Abokan ciniki da abokan aiki na nesa da 'yan zauren tsofaffin ɗalibai, babu laifi a haɗa su a gaisuwa ɗaya, kuma babu wanda zai ji haushi. Amma iyaye da kakanni da 'yan uwan iyaye da surukai da malamai da maƙwabta, da mai jinya, da wanda aka yi wa rashi a cikin shekarar, waɗannan ba su da yawan da zai gagari mutum a kwanakin Sallah. Wanda ƙafa za ta kai, a je masa. Wanda ba za ta kai ba, a kira shi, ko a aika masa murya ko rubutu da sunansa da tambayar halinsa, a kuma dawo a duba amsar da ya bayar.

Malaman makaranta ma suna da abin yi a nan. Kafin a ba da hutun Sallah, malamin Hausa a firamare ko malamar Islamiyya za su iya ware darasi ɗaya, kowane yaro ya yagi takarda daga littafinsa ya rubuta wa kakarsa ko kawunsa gaisuwar Sallah, da boko ko da ajami, a gyara masa, ya naɗe ya kai da hannunsa ranar Idi. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko sabon kayan aiki. Yaron zai koyi rubutu, zai koyi hanyar gidan, zai kuma koyi yadda ake durƙusawa a gaida wanda ba a saba gani kullum ba. Idan kakar tana wani gari, a ɗauki hoton takardar a tura ta wayar wanda yake kusa da ita, ya karanta mata, ya kuma ɗauko amsarta da murya ya turo wa yaron.